Yawon Buɗe Ido a Zariya da Guntun Guzuri

Mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba baƙi ba ne a Zariya. Ƙasar Zazzau ce gaba ɗaya, kuma a fadar Zazzau ake naɗa wa hakimansu rawani. Sai dai in ka tsaya a tasha ka bi fasinjoji da tambayar abin da zai kai su birni, amsoshin ba su da yawa: dubiya a asibitin koyarwa na Shika, kai wa yaro kuɗin makaranta a Samaru ko Kongo, neman kayan gyaran injin ban-ruwa a Sabon Gari, ɗaurin aure, ta'aziyya. Da buƙata ake shiga garin, a biya ta, a juyo kafin magariba. Da wuya ka ji wanda ya ce kallo za shi. Wanda ya faɗi haka ma dariya za a yi masa, a ce kuɗi ne suka yi masa yawa.

Wani malamin firamare daga wani ƙauye a gefen Makarfi ya yi wannan abin dariyar, kuma ba don kuɗi sun yi masa yawa ba. Ya daɗe yana koya wa yara labarin Sarauniya Amina da ganuwarta, alhali bai taɓa ɗora tafin hannunsa a jikin ganuwar ba, ko da yake ya sha wuce ta a mota. Ranar wata Asabar cikin hunturu, wata ya yi nisa, albashi bai shigo ba, ya ƙirga abin da ya rage masa, ya kafa wa kansa sharuɗɗa. Ba zai ɗauki shatar kowane abin hawa ba. Abinci sau ɗaya zai saya. Kuɗin komawa gida kuwa ya naɗe su daban ya tura aljihun ciki, kada santsin gari ya kwashe su. A jakarsa akwai gorar ruwa da ƙullin gyaɗa da curin mazarƙwaila, wadda ɗan Makarfi ba ya rasa ta a lokacin matsar rake.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ne ke fara yanka aljihun matafiyi kafin komai. Ƙaramar motar da ya shiga ta ɗauki huɗu a baya, biyu a gaba, but ɗinta a ɗaure da igiya saboda damman rake. Suka fito Tashar Yari, suka hau babban titin Kano zuwa Zariya, hazo ya rufe gonaki dama da hagu. Rana ba ta gama ɗagawa ba aka sauke shi a Kwangila, ƙarƙashin gadar sama, inda 'yan kamasho ke kiran Kaduna da Funtuwa da Kano a lokaci guda, kowa yana jan hannun rigar wanda ya ga ya riƙo jaka.

A nan ne mai ƙaramin guzuri ya kamata ya gane yadda garin yake, in ba haka ba kuɗinsa su ƙare kafin azahar. Zariya garuruwa ne da aka jera a kan hanya ɗaya. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fada take. Akwai Tudun Wada da Sabon Gari, waɗanda suka tashi a zamanin Turawa. Sai Samaru can arewa maso yamma a kan hanyar Sakkwato, garin jami'a da binciken noma. Daga ƙofar fada zuwa ƙofar jami'a ya haura kilomita 10. Babu wani wuri cikin waɗanda ya yi niyyar gani da ake yankar tikiti a bakinsa, amma tsakanin kowane biyu akwai ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ke jiran haƙƙinsa. Dabarar ita ce mutum ya shiga abin hawan da ake cikawa da fasinjoji a raba kuɗin, ya sauka a mahaɗa, ya ƙarasa da ƙafa.

Haka ya yi zuwa PZ, unguwar da ta gaji sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga da fata. Daga nan ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa. Bai daɗe ba, don abin gani bai wuce tsofaffin gine-gine da layukan dogo da ciyawa ta fara haɗiyewa ba. Amma wannan tasha ita ta haifi Sabon Gari. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga nan Zariya aka ja siririn layi zuwa Jos saboda kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957, sannan aka ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda wanda ya isa a 1929. Ma'aikatan dogo da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu su suka fara cika unguwar, kuma jikokinsu na nan, da yawansu Hausa ta fi zama a bakinsu fiye da harshen kakanninsu.

A kan gadar da ke raba Sabon Gari da Tudun Wada ya leƙa ƙasa ya ga rafin Kubanni, siriri, baƙi ƙirin, ledoji sun yi masa kwalliya, masu lambu na jan ruwansa da inji zuwa komayen latas da kabeji. Ya wuce.

Ƙofar Doka ce mashigar mafi yawan masu zuwa Birni daga wannan ɓangare. Yanzu gadar sama da faɗaɗa titi sun canza fuskar wurin, har baƙo zai iya shigewa bai san ya ƙetare ganuwa ba. Malamin ya sauka, ya bi gefe da ƙafa, yana tambaya, har wani mai faci ya nuna masa da baki: “Malam, ga ta nan a gabanka, ita ce wannan tudun.” Tudu ne kuwa, jar ƙasa mai tauri, ruwan sama ya zaftare ta ya bar kwararo-kwararo a jikinta, awaki na kiwo a samanta. A wani wurin an yanke ta an shigar da katangar bulo, a wani wurin an haƙe gindinta an kwashi ƙasar gini. Da ya ɗora hannu sai ƙasar ta ɗan marmashe masa a yatsu. Ya matsa kusa ya ga ƙananan tsakuwa a cakuɗe da ita, irin cakuɗin da ba ruwa ya yi ba, hannun mutum ne.

Tarihin baka ya ce Bakwa Turunku ce, ko kuwa ne, don masana sun saɓa a kan jinsin, ta dawo da mazaunin sarauta nan wajen 1536, kuma garin ya ci sunan ƙaramar 'yarta Zariya, yayin da babbar, Amina, ta ɗauki takobi. Ganuwar da ta kewaye birnin tana da tsawon da ya haura kilomita 10, da ƙofofi irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Jatau da Tukur-Tukur. Ko allo ɗaya mai bayanin wannan bai gani ba. Wanda bai zo da labarin a kansa ba, tudun ƙasa kawai zai gani, ya yi gaba.

Daga shataletalen Babban Dodo ya taka zuwa fada. Ƙofar fadar Zazzau na cikin gine-ginen da aka fi ɗauka hoto a Arewa, kuma ta cancanci haka: zayyana ce mai kauri, ja da kore da shuɗi da rawaya, an murɗa ta an sarƙafa ta a fuskar ginin, ga zankwaye a sama. Dogarai na zaune a inuwa cikin jajayen riguna masu ratsin kore. Malamin ya rage tsawo, ya yi sallama.

“Baba, barka da hutawa.”

“Yauwa, Malam, barka kadai. Daga ina?”

“Daga Makarfi, ranka ya daɗe. Kallo na zo.”

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi. “Kallo? To ai kai ɗan gida ne. Tsaya daga can ka ɗauki hotonka. Ciki kuwa sai da izini.”

Gaisuwar nan ita ta zame masa tikiti, a nan da sauran wuraren da ya bi. Da ya tashi tafiya ya miƙa takardar Naira 200 ya ce a sayi goro, aka karɓa aka sa masa albarka. Kafin nan dattijon ya jero masa gidajen sarauta huɗu da suke karɓar gadon Zazzau tun bayan jihadi, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Malam Musa, wanda ya zo da tutar Shehu Usmanu, shi ne tushen Mallawa. Sarkin Haɓe na ƙarshe, Makau, ya yi kudu da jama'arsa, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja a yau bayan da babban birnin tarayya ya ɗauke sunan. Sarki Shehu Idris, Bakatsine, ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 har rasuwarsa a Satumban 2020. Wanda ya gaje shi, Ahmad Nuhu Bamalli, Bamalle ne, kuma kafin shi gidan ya yi kimanin shekara 100 bai riƙe sarautar ba, tun da Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗansidi, shahararren marubucin waƙoƙi, suka kai shi Lakwaja.

Abin da ya fi jan malamin zuwa wannan fili shi ne Masallacin Juma'a da ke daura da fada, kuma a nan ne ya makara. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ba siminti, ba ƙarfe. Tubalin ƙasa ne da azarar giginya, wadda gara ba ta ci. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare faffaɗan ɗaki ita kaɗai, don haka magina suke jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna ake ɗora rufin da ya yi tulluwa. Babban Gwani ya kai wannan fasaha inda ba a taɓa kai ta ba, ya kuma yi wa ginshiƙan zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna shi sun zana shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Akwai labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe maginin bayan ya gama masa aiki, don kada ya yi wa wani wanda ya fi nasa. Irin wannan labari ana jingina shi ga manyan magina a ƙasashe da dama, amma yana nuna girman da mutane suka ba hannun mutumin.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na kankare. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Daga nan aka shiga batun sake gina masallacin. Malamin ya tsaya daga nesa ya yi wa mamatan addu'a. Ya sha zuwa Zariya a shekarun da bakunan Babban Gwani suke tsaye cif, tafiyar 'yan mintoci ce daga inda yake sauka, bai taɓa shiga ba.

Ya kutsa cikin lunguna, inda ba ya buƙatar ko sisi. Birnin Zariya har yanzu garin ɗinkin hannu ne. A bakin wani zaure ya tarar da mutum uku zaune a kan tabarma, kowa da shadda a gwiwa. Ɗaya yana cike zanen aska takwas a gaban babbar riga. An riga an zana siffar da alƙalami a jikin yadin, shi kuwa yana bin ta da allura, yana sokawa yana ja, yana danne zaren da farcen babban yatsa don kada ya tattare. Idonsa ba ya barin yadin, bakinsa kuma bai fasa hira ba, ga rediyo na magana a gefe. A tsawon zaman da malamin ya yi, abin da aka cike bai kai faɗin yatsa biyu ba. Riga ɗaya takan ci makonni, babba ta ci watanni, shi ya sa mai ɗinkin ba ya iya sayen irin wadda yake ɗinkawa. Suka ba shi wuri, suka tambaye shi farashin rake a Makarfi bana, ya gutsura musu mazarƙwaila. A ganin mai wannan rubutu, rabin sa'ar nan ta fi duk hotunan ƙofar fada daraja, kuma babu mai tallata ta.

Azahar ta same shi a wani masallacin unguwa. Ga mai yawo da ƙafa, masallaci ne masauki: ga ruwan alwala, ga inuwa, ga tabarmar miƙe ƙafa, ba mai tambayarsa abin da ya kawo shi. Da ya fito ya nemi mai garau-garau, aka zuba masa shinkafa da wake, aka yaryaɗa mai, aka barbaɗa yaji, ya ce a bar kifin. Ya kora da ruwan gorarsa. Wannan ne abincin yinin.

Ta wajen Tukur-Tukur ya fita, ya nufi Gaskiya. Duk mai karatun boko da Hausa yana da bashin wannan unguwa a wuyansa. A Zariya Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta fito da littattafan ƙagaggun labarai na farko. A nan Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam na editanta na Hausa, ana sayar da ita kwabo ɗaya, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Shi kansa labarin tafiya a rubutun boko yana da tushe a nan, don bayan ziyarar da Imam ya kai Ingila a 1943 tare da wasu editocin Afirka ta Yamma ne ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yau ba a ganin jaridar a hannun masu talla. Malamin ya tsaya a bakin titi ya dubi ginin, ya wuce, don kallon waje ne kawai.

Kwalejin Barewa na nan kusa. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949. Shugabannin Nijeriya biyar sun bi ta cikinta: Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Sardauna Ahmadu Bello. Malamin ya laluba aljihu ya tarar uku daga cikin tsofaffin ɗaliban suna tare da shi: Sardauna a kan Naira 200, Murtala a kan Naira 20, Tafawa Ɓalewa a kan wata tsohuwar Naira 5 da ta maƙale a jaka, wadda yanzu ko ledar ruwa ba ta saye.

Zuwa Wusasa sai da ya ciji yatsa ya hau acaɓa, bayan ciniki mai tsawo. Mutane da yawa daga ƙauyukan arewacin Zazzau sun san Wusasa ne saboda asibitin mishan, ba su san akwai abin kallo a bayansa ba. Likita Walter Miller na cikin ayarin 'yan mishan da suka isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su. Ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin bayan gari, Wusasa, wajen 1929. Cocin St. Bartholomew da aka gina a lokacin da ƙasa aka yi shi, magina Hausawa suka gina shi da irin bakan gizo da azarar da aka yi masallacin birni da su. Mai gadin ya amsa gaisuwarsa da Hausa tsantsa, ya buɗe masa ya leƙa. Da shigarsa sanyi ya buge shi, irin sanyin da ɗakin ƙasa mai kaurin bango kaɗai ke riƙewa da tsakar rana. Ya ɗaga kai ya ga bakunan sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, ba su miƙe sak ba, kowane da ɗan karkacewarsa ta aikin hannu. Abin da ya rasa gani a masallaci, ɗan'uwansa ya gani a coci. Daga wannan ƙaramar unguwa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, a nan Gowon ya tashi, kuma Miller na cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932.

Dutsen Kufena na tsaye a bayan Wusasa, sulɓaɓɓe, ba itace a kansa sai a tsage-tsage. Ana cewa a gindinsa mutanen Zazzau suka zauna kafin birnin yanzu, kuma akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa. Hawa kyauta ne, amma ba a so baƙo ya hau shi kaɗai. Wasu yara biyu suka raka shi, suna tsalle a kan dutsen da silifas, shi kuwa yana dafawa da hannu. Bai kai ƙololuwa ba. Daga inda numfashinsa ya tsaya ya juyo ya ga rufin kwano ya bazu har inda hazo ya yanke gani, ga hasumiyoyin masallatai, ga eriyoyin waya, ga tireloli a jere a kan titin Kaduna. Ya raba wa yaran sauran gyaɗar, suka sauko.

La'asar ta yi kafin ya koma Kwangila ya shiga bas ɗin Samaru, irin wanda kwandasta ke rataye a ƙofa yana buga jikin mota. A wajen Palladan wani ƙaramin jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa, ya kewayo ya sake wucewa. Ɗalibai ne na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964. Cikin motar ba wanda ya ɗaga kai sai shi.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoban 1962. Shugabanta na farko Bature ne, Norman Alexander, sai Ishaya Audu, wanda shi ma ya yi karatu a Wusasa, ya karɓa a 1966. Harabar gari ce guda, kuma mai sa'a biyu a hannu dole ya zaɓa. Malamin ya wuce dogon ginin majalisar jami'a da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya nemi sashen zane-zane, inda ɗalibai suka cika wani fili da mutum-mutumi na siminti da ƙarfe, wasu sun fi mutum tsawo, wasu ruwa da rana sun fara cinye su. Wannan sashe ya girmi jami'ar. A 1958, lokacin wurin yana kwalejin fasaha, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi bin salon Turawa ido rufe, ta ce a koma ga zanen gida. Ya kuma leƙa dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da fili. A matsayinsa na wanda yake noma bayan an tashi makaranta, sunan da ya fi sani a Samaru shi ne na Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta faro a 1922. Irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da ake shukawa a gonakin Makarfi da Ikara daga nan suka fito. Asabar ce, bai shiga ba.

Ƙarshen tafiyar ƙafarsa shi ne dam ɗin jami'a, can bayan haraba. Kubannin nan da ya gani da safe cikin ledoji, shi ne a nan aka tare tun shekarun 1970 don jami'a ta sami ruwan sha, ya zama tafki mai faɗi. Balbelu na bin shanu a gaɓa, wani masunci na jefa birgi daga ƙaramin kwalekwale, ɗalibai biyu-biyu uku-uku suna zaune a kan dakalin dam ɗin da takardu a hannu. Laka da yashin da ruwa ke kwasowa daga gonaki suna cike tafkin a hankali, matsalar da masanan jami'ar suka daɗe suna rubutu a kanta.

Bakin tafkin ba shi da benci, ba shi da rumfa, ba mai shayi. A ƙasar Suwizalan garuruwa sun mayar da bakin tafki jari. A Janiba ana harba ruwa sama mita 140 daga cikin tafkin, kallonsa kyauta ne, kuma duk baƙon da ya kwana a otal ana ba shi katin hawa motocin haya na gari ba tare da biya ba, don sun gane cewa zirga-zirga ce ke cin kuɗin mai yawo. A Luzern akwai gadar katako mai rufi tun ƙarni na 14. Gobara ta cinye mafi yawanta a Agustan 1993, kafin ƙarshen Afrilun 1994 an sake gina ta an buɗe. Ba wanda zai ce Zariya ta yi gasa da aljihun Suwizalan. Amma allon bayani a Ƙofar Doka, da hana ɗibar ƙasar ganuwa, da 'yan bencina a bakin ruwa, ba su kai kuɗin gadar sama guda ba.

Magariba ta same shi a Samaru, ya yi salla, ya sayi ƙosai kaɗan da canjin da ya rage a aljihun waje. A cikin bas ɗin komawa Kwangila ya yi lissafi. Wajen kashi biyu cikin uku na abin da ya kashe a cikin gari ya tafi ne a kan taya, tsakanin Keke da acaɓa da bas. Sauran ya tafi a garau-garau da ƙosai da goron dogari. Acaɓan Wusasa shi kaɗai ya fi abincin yinin tsada. Da yana da aboki da za su hau babur ɗaya su raba kuɗin, da ya rage wani abu.

A tasha motocin Makarfi sun fara ƙaranci, na Ikara da Hunƙuyi ma haka, kuma direban dare ya san fasinja ba shi da zaɓi, don haka ya ɗan ɗora. Kuɗin aljihun ciki suka biya, da ƙyar. Bai je madatsar ruwan Galma ba, bai shiga kasuwar Birni ba, bai nemi unguwar Babban Gwani ba, inda zuriyar maginin suke. Turunku kuwa, inda ake cewa daga can sarautar ta taso, tana can cikin ƙaramar hukumar Igabi, sai an bi hanyar Kaduna an ratse, kuma wannan tafiya ce mai cin yininta da kuɗin motarta daban.